Shin akwai filastar da ke maganin ciwon ɓarin kai?

Tambaya: Likita, ina fama da ciwon ɓarin kai. Idan ya tashi, ko ruwa na sha sai na amayar, balle ƙwaya. Na ji an ce akwai maganin da ake mannawa a fata. Gaskiya ne?

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi, Malama. Eh, an taɓa yin sa, amma ba ya kasuwa yanzu.

Ki fara sanin abin da ke hana ƙwayar yi miki aiki. Idan ciwon ya motsa, ciki kan yi sanyin aiki, sai ƙwayar ta zauna ba ta gangara hanji ba, inda jiki ke tsotsarta. Ga kuma amai. Ko lafiya ƙalau ake, abin da ke isa jini daga ƙwayar sumatriptan, wato maganin ciwon ɓarin kai, bai wuce kashi 15 cikin 100 ba.

Matsalar fata ita ce an halicce ta don ta tare abu, ba don ta shigar ba, kuma sumatriptan ba ya ratsa ta da kansa. Shi ya sa aka ƙera filasta mai batir, Zecuity, wadda ke tura maganin da 'yar wutar lantarki, miligiram 6.5 cikin awa 4, a dantse ko cinya. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2013, ta shiga kasuwa a 2015. A 2016 kamfanin Teva ya janye ta saboda rahotannin ƙuna da tabo a wurin da aka manna. Dabarar ta burge ni, amma ba zan so majinyacina ya rabu da ciwon kai ya kwashi tabo ba.

A halinki, na fi karkata ga allurar sumatriptan ta ƙarƙashin fata, miligiram 6, wadda kan fara aiki cikin minti 10 zuwa 15, ko kuma na fesawa a hanci. Idan ciwon yana zuwa ne da jinin al'ada, wani lokaci akan ba da filastar istirojin, wani sinadarin jikin mace, a waɗannan kwanakin don rigakafi.

Sai dai kada ki taɓa sumatriptan sai likita ya duba ki, domin bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki. Ki kuma riƙa ƙirga kwanakin da kike amfani da shi: idan ya kai kwana 10 a wata, maganin da kansa zai iya mai da ciwon na kullum.