Kaskar Kare Tana Cutar da Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Muna da karen da yake gadin awaki a gonarmu da ke bayan garin Gadarif a ƙasar Sudan, tun shigowar damina kuwa kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu, har yara suna cire masa ita da hannu. Shin tana iya jawo wa mutane wata cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tana iyawa, Malam, don haka a fara hana yaran nan murtsuke ta da farce. Jar kaskar da ta fi addabar karnuka tana ɗauke da ƙwayar cutar da kan sa zazzaɓi da ciwon kai da ƙuraje bayan kamar mako guda da cizo, sau da yawa da baƙin ɓawo a inda ta ciza. Matsalar ita ce a yankinmu kusan duk zazzaɓi maleriya ake kiransa, alhali maganin maleriya ba ya taɓa wannan, ko da yake akwai maganinsa a asibiti idan aka faɗa wa likita cewa an yi mu'amala da kaska. Babbar kaskar dabbobi mai zane a ƙafa, wadda kan faɗa wa karen da ke cikin garke, ta fi haɗari, domin ita ce take yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda ya ɓulla a garin Fula na yankin Kordofan a Sudan a 2008.

A cire ta da matsefata, a kama ta daf da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a jefa ta cikin kananzir.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne makwancin karen. Kaska ba ta yin ƙwai a jikinsa. Idan ta ƙoshi da jini sai ta faɗo ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin tarin kara, inda guda ɗaya kan zuba ƙwai dubbai. Saboda haka wanka kaɗai ba zai wadatar ba, sai an share wurin, an ƙone tsummokaran da yake kwanciya a kai, an liƙe tsagogin da laka, an yi feshi.

Maganin kashe kaskar kuma a karɓo shi daga likitan dabbobi gwargwadon nauyin karen. Baƙin mai da maganin feshin auduga, waɗanda wasu suke shafawa, guba ne ga karen da yaran da suke wasa da shi.