Amsa ga ɗaliba mai koyon aiki (IT) a Gidan Makama, gidan tarihi na Kano

Ƙanwata, kin ce ranar da iyaye ke kawo yara zane ce ke ba ki tsoro. Kwantar da hankalinki. Yaro ba ya son dogon bayani. Nuna musu tsoffin ƙyauren ƙofofin ganuwar Kano da ke ajiye can, ki ce gidan nan tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, ƙarni na 15, sannan ki raba takarda da fensir.

Iyayen ne aiki. In uwa ta karɓe fensirin za ta gyara wa ɗanta, miƙa mata tata takardar cikin ladabi: "Hajiya, ke ma zana naki." Shi kuma ki durƙusa kusa da shi, ki tambaye shi me ya zana. Ki tanadi ruwa da tsumma, in akwai fenti sai ya zube.