Amsa: Me ya sa labaran zamanin jaz ke ba da dariya kuma su bar ɗaci?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa gajerun labaran Amurka na zamanin jaz, wato shekarun 1920 da kiɗan jaz na baƙar fatan Amurka ke tashe, ke sa mutum dariya, amma ya ajiye littafin jikinsa a sanyaye. A ganina zamanin ne da kansa haka yake.

A 1920 aka haramta sayar da giya a faɗin Amurka, ba a soke dokar ba sai 1933. Sai shan ya koma ɓoye. A New York za ka tarar da ƙofa mai ɗan taga, sai an san fuskarka ko ka faɗi kalmar sirri a buɗe maka. A ciki ga attajiri, ga ɗan sanda, ga ɗan fasa-ƙwauri, kowa ya yi kamar bai ga kowa ba. Marubuci bai sha wahalar neman abin dariya ba, yana zaune a teburin kusa da shi.

Ɗacin kuwa, dubi Cotton Club, gidan rawar da ke Harlem a lokacin, unguwar baƙar fata a New York. Shahararren makaɗin jaz Duke Ellington ya fara yi wa gidan kiɗa a 1927. Makaɗa da 'yan rawa baƙar fata ne, kujeru kuma na Turawa, mai gidan, Owney Madden, riƙaƙƙen ɗan daba. Unguwarka, kiɗanka, amma ba ka da wurin zama!

Shi ya sa barkwancinsu gajere ne mai kaifi, irin wanda mujallar The New Yorker ta saba bugawa tun kafuwarta a 1925: mace ta caɓa ado, ta yi raha har asuba, ta koma ɗaki ita kaɗai. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, masu watsa kuɗi jiya suka wayi gari cikin bashi.