Shin da gaske Amurkawa ne suka ƙwato na'urar Enigma kamar yadda fim ɗin U-571 ya nuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli fim ɗin U-571, inda sojojin ruwan Amurka suka kutsa cikin jirgin Jamus mai nitso a 1942, suka ɗauke na'urar rubutun asiri ta Enigma. Yayana ya ce labarin ƙirƙira ne, ni kuma na ce ai ba za a yi ƙarya a kan Yaƙin Duniya na Biyu ba. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Yayanka ne ke da gaskiya. Jirgin U-571 dai an yi shi, amma ba a taɓa kama shi ba. Wani jirgin saman yaƙin Ostareliya ne ya nutsar da shi a yammacin Ireland cikin Janairun 1944, kuma ba wanda ya tsira daga cikinsa.

Abin da aka ɗauko aka sauya wa kama shi ne aikin sojojin ruwan Birtaniya. Ranar 9 ga Mayu 1941, a kudu da Iceland, suka tilasta wa jirgin U-110 ya taso kan ruwa. Jamusawan ciki suka fice a guje, suna zaton zai nutse nan take. Wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 20, David Balme, ya jagoranci 'yan mutane daga jirgin HMS Bulldog, ya sauka cikin duhun jirgin bai san ko an ɗana bam ba, suka kwaso na'urar da takardunta. A lokacin Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba, sai a Disamba na shekarar bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan damuna a matsayina na mai koyar da tarihi. Fim ɗin ya sa mai kallo ya ɗauka cewa da zarar ka riƙe na'urar, shi ke nan ka gama da Jamus. Ba haka abin yake ba. Tun a 1932 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, Marian Rejewski, ya gano yadda cikinta yake aiki, kuma a 1939 mutanen Poland suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka sani. Wahalar tana wurin mabuɗin, wato yadda ake saita na'urar, wanda ake sauyawa kullum. Shi ya sa littattafan mabuɗi suka fi na'urar kanta daraja a wurin su Alan Turing, masanin lissafi, da ke aiki a Bletchley Park, cibiyar fasa rubutun asiri ta Birtaniya.

Ga misali. A Fabrairun 1942 Jamus ta ƙara wa Enigmar jiragenta masu nitso faifai na huɗu a kan ukun da ke juyawa suna cakuɗa haruffa, sai masu fasa asirin suka makance kusan wata goma, jiragen dakon kaya suna ta nutsewa a tekun Atlantika. Ranar 30 ga Oktoba na shekarar, a Bahar Rum daura da gaɓar Masar, jirgin Birtaniya HMS Petard ya ritsa jirgin Jamus U-559. Sojojin Petard biyu, Tony Fasson da Colin Grazier, suka shiga cikin U-559 ruwa na kwararowa, suna miƙo takardu ga Tommy Brown, yaro ɗan shekara 16 mai aiki a kantin jirgi. U-559 ya nutse da su biyun, yaron ne kaɗai ya fita. Da waɗannan takardu aka sake buɗe saƙonnin a watan Disamba. Duk lokacin da na zo nan a aji sai na ɗan dakata, domin mutum biyu sun ba da ransu a shekarar da fim ɗin ya zaɓa, amma aka ba wasu mutanen da ba a taɓa yi ba yabon irin aikinsu.

Amurkawa ma sun kama nasu, kada a tauye su. A ranar 4 ga Yuni 1944 suka ƙwace U-505 a tekun da ke yamma da Afirka, yana nan a ajiye a gidan tarihi a Chicago.

Da fim ɗin ya fito a 2000 ran mutanen Birtaniya ya ɓaci, har maganar ta kai zauren majalisa, inda Firaminista Tony Blair ya yarda cewa cin fuska ne ga sojojin ruwansu. Masu fim ɗin sun sa rubutu a ƙarshe da ya ambaci kamun da Birtaniya ta yi, sai dai mutum nawa ne ke tsayawa karanta shi? A 2006 ɗaya daga cikin marubutan, David Ayer, ya amsa a rediyon BBC cewa sun karkatar da tarihin ne don jawo 'yan kallon Amurka, ya kuma ce ba zai sake yin haka ba.