Amsa ga amaryar da ke neman wurin fita a Legas

Amarya Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Kin ce an kawo ki Agege daga Kano, oga yana fita tun asuba sai dare, kina neman inda za ku riƙa zuwa ranar hutu ku ci abinci ku ji kiɗa. To 'yar uwa, Lahadi da safe ita ce ranarku don hanya a sake take, amma Juma'a da yamma kar ma ku fara, gosulo zai cinye muku fitar gaba ɗaya.

Ku fara da Lekki Conservation Centre, wani gandun adana itatuwa da namun daji, akwai wata gadar tafiya da ƙafa ta sama mai tsawon mita 401, tana ɗan lilo in kina tafiya, ki sa takalmi filat kuma ki riƙe ledar abincinki da kyau saboda birai, wallahi warcewa suke yi. Freedom Park da ke Broad Street tsohon gidan yarin Turawa ne aka mayar wurin shaƙatawa, wasu ranaku makaɗa suna wasa kai tsaye da yamma, ni na fi son shi don mutum zai zauna da iyalinsa a mutunce.

Abinci kuwa kina cikin gida ai, Agege akwai masa da miyan taushe da fura. Tsire ku leƙa Obalende ko kuma titin Allen da ke Ikeja, ki ce a yanka miki da zafinsa a barbaɗa yaji da albasa. Ki gwada ewa agoyin (dafaffen wake mai laushi da miyar barkono) da burodin Agege ma, sai dai akwai barkono sosai.