Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa sayen fulota

Yarona, na ji saƙonka bayan la'asar. Ka ce akori-kurar Land Rover ɗin nan da aka kawo jiya, allurar gejin manta a kwance take ko an cika tanki, mai motar kuma ya gaji da zura kara yana auna fetur. Kana tambaya ko ka karɓi kuɗi ka tafi Ƙofar Ruwa ka sayo sabuwar fulota, wato na'urar da ke auna mai a cikin tanki, tunda ka ga wata da za ta zauna a ramin daidai.

Kada ka karɓi ko sisi tukuna. Wa ya gaya maka fulotar ce ta mutu? Tsakanin tanki da allurar nan akwai waya, akwai geji, akwai sitabilaiza mai daidaita wuta, akwai kuma hanyar da wuta ke bi ta koma bodi. Kowanne a ciki yana iya kwantar da allura, kuma a motar da ta haura shekara 40 duk sun tsufa tare.

Wannan motar Series III ce, irin da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Tankinta na ƙarƙashin kujerar dama, lita 45 yake ci. Ka ɗaga kujerar, ka cire faifan ƙarfen da ke ƙasa, ga kan fulota nan yana kallonka, ba sai ka sauke tanki ba. In ba a yi wa wayoyin ɗinkin kwado ba, za ka ga koriyar waya mai baƙin zare, ita ce ke zuwa geji. Zare ta, ka murɗa makulli ba tare da ka ta da inji ba, ka taɓa ta a bodi inda ƙarfe yake fes, can nesa da bakin tanki. Sa wani ya duba maka dashbod. In allura ta fara tashi a hankali tana neman sama, to geji da waya lafiyarsu ƙalau, matsalar tana tanki. Da ka ga ta doshi sama ka ɗauke hannunka. Cikin gejin nan ɗan siririn ƙarfe ne da aka naɗe da waya, zafin wuta ne ke lanƙwasa shi ya tura allura, shi ya sa take tafiyar hawainiya. In ka bar wayar a bodi kana hira, ka dafa geji, kuma samun irinsa yau sai an sha yawo.

In kuwa ba ta motsa ba, dubi allurar zafin inji. Su biyun daga tukunya ɗaya suke ci: ɗan sitabilaizan da ke manne a bayan agogon gudu, wanda ke rage musu wutar batir zuwa bolt 10. In duka biyun sun mutu tare, ko duka sun haukace suna nuna sama, ka ƙyale tanki ka bi shi. Sau da yawa ma sukurun da ke haɗa shi da bodi ne ya saki.

To, a ce gwajin ya nuna tanki. Har yanzu ban ce ka sayi komai ba. Ɗauki guntuwar waya ka haɗa kan fulota da bodi. Na sha ganin allurar da ta yi shekaru a kwance ta miƙe daga wannan kaɗai, saboda tsatsa da laka sun raba tanki da jikin mota, wuta ta rasa hanyar komawa. Aikin samfefa ne da waya taƙi ɗaya.

Sai in duk wannan bai yi ba za ka fito da fulotar, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Cire kan batir tukuna. Ka tura motar nesa da mai walda, ka hana kowa zuwa da sigari. Kada ka ce ai tankin babu mai: wanda ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kamawa, shi kuwa ya cika wurin da man ya bari. Wasu fulotocin sukurori ke riƙe su, wasu zobe ne da ake juyawa. In zobe ne, kada in ji ka sa masa cizal da guduma. Ƙarfe kan ƙarfe tartsatsi ne. Akwai guntun tagulla a akwatin kayana, ko ka sami katako mai tauri, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan. Kafin ka buɗe ka share ƙasar da ke kewaye, kada ta zube ciki.

Da ta fito, fara girgiza ƙwallon da ke bakin hannunta, wanda ke yawo a kan mai, a kunnenka. In ka ji ruwa na motsi a ciki, ya huje ya sha mai, shi ya sa ya nutse ya zauna a gindin tanki. Ƙwallo kaɗai za a sauya. In ƙwallon lafiya yake, ɗauko mitar awon wuta ka sa a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda abu ke tare wuta, baki ɗaya a inda waya ke shiga, ɗaya a jikin fulota, ka ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama. A irin wannan motar, hannu yana ƙasa za ka ga sama da om 200, yana hawa lamba na raguwa har ta sauko wajen 20. Ba lambar kaɗai nake so ka kalla ba, yadda take sauka nake so ka lura. In ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, siririyar wayar cikin fulota da ɗan harshen hannun ke gogawa ta cinye a nan. Kuma kusan kullum ta wajen ƙasa take cinyewa. Ka san dalili? Mai motar da ba ya cika tanki, kullum galan ɗaya a wurin 'yan bumburutu, shekara da shekaru harshen yana kai da kawowa a wuri guda.

Yanzu ga maganar wadda ka gani a kasuwa. Kama da wane ba ta wane. Zama a rami ba shi ne dacewa ba, dole fulota da geji su ji yaren juna. Ta kamfanin VDO da ta cika kasuwa, akwai mai om 10 in babu mai, 180 in an cika, ka ga ta juya wa tamu baya ke nan. Tsofaffin Chevrolet daga 1965 sifiri zuwa 90 suke, Ford na wancan zamani 73 zuwa 10. Ko a gidan Land Rover ɗin kansa, waɗanda aka yi kafin 1967, lokacin da ake haɗa kan batir mai alamar tarawa da bodi, gejinsu daban ne: ba sitabilaiza, allura na zabura nan take, fulotarsu kuma ba ta aiki da gejin Series III.

Ni wannan a jikina na koya. Ina yaron gareji kamarka na ɗaura wa wani dattijo fulotar da ba ta motarsa ba. Tankinsa saura kaɗan, allura ta haura rabi, na yi ta washe baki ina cewa na gyara. Washegari man ya ƙare masa bayan Gezawa da buhunan gyaɗa a baya, allura tana can sama abinta. Bai zage ni ba. Da ya dawo sai ya ajiye jarkar da ya yi tafiyar ƙafa da ita a gaban maigidana ya zauna. Har yau na fi son a zage ni da wannan.

Saboda haka in sayen ya kama, tafi da tsohuwar a hannu da mita a aljihu. Auna sabuwar a gaban mai shago, ka gwada tsawon hannunta da na tsohuwar. In ya hana ka aunawa, shago na gaba.

Da ka dawo, kada ka zura ta tanki kai tsaye. Haɗa mata waya da bodi a waje, ka mai da batir, ka ɗaga hannun ka sauke kana kallon allura, ka ba ta lokaci ta isa. Sannan ka sake cire batir ka ɗaura. In hannun na bukatar lanƙwasa, ka lanƙwasa shi ta yadda allura za ta taɓa ƙasa alhali da sauran lita huɗu ko biyar a tanki. Ƙarya a sama ba ta tsai da mota a daji, ta ƙasa ce ke yi. Sa sabon gaskit, kuma kada ka shafa jan gam ɗin nan na silikon: fetur na narka shi, ya gutsuttsure ya toshe bututun mai, bayan sati biyu a dawo mana da mota tana shaƙewa. Sukurorin kuma ka ɗaure su ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba, don gaskit ya kwanta daidai.

Gobe in Allah ya kai mu zan shigo wajen ƙarfe goma. Yi gwajin wayar da safe, ka rubuta abin da mita ta nuna a kwali ka ajiye mini. Tsohuwar fulotar kuma kada ka yar, ko ta mutu ina son ƙwallonta.