Amsa kan neman aiki a Kanada daga Damagaram

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne Kanada na ɗaukar ma'aikata daga waje, kuma ko ka ba dillalin da ya nemi miliyan biyu na sefa don ya samo maka gurbi. Ɗaukar ma'aikata gaskiya ne, amma kada ka ba shi ko dala.

Mutanensu na tsufa, haihuwa ta ragu, shi ya sa suke neman ma'aikatan jinya, masu walda, kafintoci da masu aikin lantarki. Tun 2015 suke da tsarin Express Entry, inda ake ba mutum maki bisa shekarunsa, karatunsa, ƙwarewarsa da harshe. A 2023 suka fara ware zaɓe na musamman ga masu Faransanci, to a nan mu ƴan Nijar muke da rabo. Sai dai Faransancin hira a Kasuwar Dole ba zai isa ba, dole ka zauna jarrabawar TEF ko TCF, a kuma tantance takardun karatunka. Ka sani kuma sun rage adadin masu zaman dindindin da suka tsara karɓa a 2025 zuwa 395,000, don haka gasa ta yi zafi.

Idan ta hanyar kamfani ne, shi ke biyan dalar Kanada 1,000 na takardar LMIA (shaidar gwamnati cewa babu ɗan ƙasa da zai cike gurbin, sai an ɗauko daga waje), kuma doka ta hana shi karɓar kuɗin daga hannunka. Abin da ke ƙona min rai shi ne yaranmu da ke sayar da fili ko babur saboda takardar bogi da aka turo ta WhatsApp. Ka cike komai da kanka a shafin hukumar shige da ficen Kanada, kuɗin kuma ka kashe su a kan jarrabawa.